Ƙuri'ar Farko ta Iyayenmu Mata da Kakakin da Ya Fito Daga Ɗanmusa

Muna gode wa Allah da Ya nuna mamu zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu, muna da rai da lafiya. Muna gaida uwar ƙungiya, da shugaba, da ma'aji, da magatakarda, da duk wadda ta taɓa zuba ko da naira ɗari ce a asusun nan. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin shekarun nan, Allah Ya jiƙansu, Ya raya abin da suka bari.

Da kwamitin biki ya ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu kawo rubutu a wannan takarda, mun so mu rubuta tarihin adashinmu ne, yadda ya tashi daga zubin mako har ya kai ga injin markaɗe. To amma wani abu ya faru a aji da ya sauya mamu shawara. Wata rana malamarmu ta rubuta tambaya uku a allo. Wa ye shugaban ƙasa? Kowa ta ɗaga hannu. Wa ye gwamna? Kowa ta ɗaga. Wa ye ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu? Aji ya yi tsit, sai hannu biyu ko uku, ɗaya ma sunan ɗan majalisar tarayya ta faɗa. Alhali dukkanmu mun dangwala a takardar nan, da yatsanmu, muka koma gida da tawada a farce.

Kunyar da muka ji ranar ita ta sa muka shiga tambaya. Mun tambayi tsofaffinmu a nan Kutawa da Dutsin-Ma da Kurfi, 'ya'yanmu 'yan makaranta sun karanta mamu abin da ke rubuce, mu ma mun lallaɓa mun karanta abin da idonmu ya iya. Sai muka tarar ashe wani ɗan majalisar jiha daga wannan yanki namu ya taɓa zama a tsakiyar babbar rigimar siyasar da ta girgiza Nijeriya duka. Shi ne Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, kakakin majalisar dokoki ta tsohuwar jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1983. Labarinsa muka kawo maku, don a babban taron bana akwai magana biyu a gabanmu da labarin ya shafa kai tsaye. Za mu zo kansu a ƙarshe.

Lokacin da mace ba ta da ƙuri'a

Yawancinmu da ke rumfa yau, a shekarun nan aka haife mu, wasu ana goye da mu. Shi ya sa ba mu san cewa ƙuri'ar da muke sayarwa da taliya da sabulu, iyayenmu mata sun daɗe ba su da ita ba. A zaɓen 1959, wanda ya kai ƙasar nan ga mulkin kai, matan kudu sun yi zaɓe, matan arewa ba su yi ba. Haka aka tafi duk jamhuriya ta farko. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan NEPU, ta sha duka ta sha ɗauri a kan neman 'yancin talaka da na mace, ciki har da wannan ƙuri'a. Sai a 1976, zamanin mulkin soja, aka buɗe wa matan arewa ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, sannan tsarin mulkin 1979 ya tabbatar da ita ga duk wanda ya kai shekara 18, mace ko namiji.

A 1976 ɗin nan aka yi Dutsin-Ma ƙaramar hukuma. Ba ƙarama ba ce kamar ta yanzu, don Kurfi da Safana da Ɗanmusa duk a ƙarƙashinta suke. Jihar Katsina kuwa babu ita tukuna. Mu da Zariya jiha ɗaya muke, hedikwata Kaduna. Wanda ke da ƙorafi a kan gwamnati, doguwar tafiya ce a gabansa.

Akwai kuma abin da mutanen Kurfi ya kamata su riƙe. Hukumar da ta shirya zaɓen 1979 sunanta FEDECO, shugabanta Michael Ani, babban sakatarenta kuwa Alhaji Ahmadu Kurfi ne, wanda daga baya ya zama Maraɗin Katsina, hakimin Kurfi. Ke nan zaɓen ƙasa na farko da iyayenmu mata suka shiga layi, ɗan yankinmu na cikin masu riƙe da alƙalaminsa.

Asabar biyar

Jam'iyya biyar aka yi wa rajista. NPN ta Alhaji Shehu Shagari, alamarta gida da masara, kirarinta aminci. PRP ta Malam Aminu Kano, alamarta mabuɗi, kirarinta nasara. Sai GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, da UPN ta Awolowo, da NPP ta Azikiwe. Tunda yawancin mata ba su iya karatun boko ba, da alama ake koya masu. Wata gwaggonmu mai daddawa ta ce mamu ita duk abin da aka ce mata daga zaure shi ne ta nemi masara, maƙwabciyarta kuma aka ce mata ta nemi mabuɗi, suka tafi tare suka dawo tare, ba wadda ta tambayi 'yar uwarta.

Ba rana ɗaya aka yi zaɓen ba. Ranar 7 ga Yuli aka zaɓi sanatoci, 14 ga wata 'yan majalisar wakilai, 21 ga wata 'yan majalisar jiha, 28 ga wata gwamnoni, sannan 11 ga Agusta shugaban ƙasa. Damina ce tsakiyarta, ana noma, na gwamna da na shugaban ƙasa ma cikin azumi suka faɗo. Ku lura da ranakun nan biyu, 21 da 28. Kwana bakwai ne tsakaninsu, amma abin da jama'ar jihar Kaduna suka yi a Asabar ta farko daban, abin da suka yi a ta biyu daban.

Ranar 21, a kujeru 99 na majalisar jiha, NPN ta kwashe 64. PRP ta samu 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. Kowa ya ɗauka gwamna ma an gama, na NPN ne, wato Alhaji Lawal Kaita, wanda ɗan Katsina ne. Da aka ƙidaya ƙuri'un ranar 28 sai ga Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya yi nasara, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi. Sauran ƙananan jam'iyyun da suka ga ba za su kai labari ba, magoya bayansu da yawa mabuɗi suka dangwala wa.

Mu 'yan kasuwa mun san irin wannan. Kamar a ce rumfa ɗaya, an ba wata makullin, an ba wata jakar kuɗin, kuma ba su ga maciji da juna.

Aikin kakaki

Majalisa ta zauna a Lugard Hall da ke Kaduna, masu rinjaye suka zaɓi Mamman Abubakar Ɗanmusa ya zama kakaki. Shugaban masu rinjaye kuwa Alhaji Dauda Mani ne, shi ma daga ɓangaren Katsina. To mene ne kakaki? Da can mun ɗauka mai magana da yawun gwamna ne. Ashe shi ne shugaban majalisa. Shi ke buɗe zama, shi ke ba da izinin magana, shi ke yanke cewa masu "e" sun fi masu "a'a" yawa, kuma duk takardar da za ta shiga majalisa ta hannunsa take bi. Idan babu gwamna babu mataimaki, shi ke riƙon jiha. A tsarin da aka ɗauko a 1979, irin na Amurka, gwamna ba ɗan majalisa ba ne, kuma ba ya iya kashe kuɗin jiha sai majalisa ta amince da kasafi, ba ya iya naɗa kwamishina sai ta tantance shi ta yarda.

Gwamna Balarabe ya hau ranar 1 ga Oktoba 1979, bai ɓata lokaci ba ya soke haraji da jangali, kamar yadda Gwamna Abubakar Rimi ya yi a Kano. 'Yan uwa, ku tambayi tsohuwar gidanku mene ne haraji. Kuɗin kai ne da kowane baligi namiji ke biya duk shekara, ko gonarsa ta yi ko ba ta yi ba. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Wanda bai biya ba ana iya shanya shi a rana a ƙofar fada. Sunan namiji ke cikin littafi, amma sau da yawa akuyar matarsa ake ja zuwa kasuwa, ko a ɗaga tasoshin jerenta. Tafiya cin rani da maza ke yi, neman kuɗin haraji na cikin dalilanta. Jangali kuwa na shanu ne, kowane kai da kuɗinsa, shi ya sa Fulani kan kora garke cikin daji idan an ce masu ƙidaya sun taho. Gwaggon nan tamu da ta dangwala wa masara ta ce, ranar da aka ji a rediyo an soke haraji, ita ma sai da ta yi guɗa.

Gwamnatin ta kuma kafa kwamitin binciken filaye da gonakin da talakawa ke kukan an ƙwace masu. Cikin masu ruwa da tsaki a gwamnatin akwai Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan sarautar Katsina, wanda ya riƙe sakataren gwamnatin jiha. Siyasar ta raba gidaje har na manya. Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda daga baya ya yi gwamnanmu ya yi shugaban ƙasa, a lokacin PRP yake, mahaifinsa kuma jigo ne a NPN.

Rikicin ya fi fitowa fili a kan kwamishinoni. Gwamna ya aika sunaye majalisa, babu ɗan NPN a ciki, majalisa ta ƙi. Ya sake aikawa, ta sake ƙi. Masu rinjaye suna ganin tunda su jama'a suka ba kujeru 64, ba a kafa gwamnati a bar su waje. Gwamna yana ganin shi jama'a suka zaɓa a kan manufar PRP, ba zai ɗauko waɗanda ke adawa da manufar ya damƙa masu ma'aikatu ba. Aka je kotu, aka yi zaman sulhu, ba a daidaita ba. Har ya bar kujerar, Balarabe bai samu majalisar kwamishinoni ba. Ku auna jiha mai faɗi daga Daura har kudancin Zariya, ma'aikatar lafiya, ta ilimi, ta gona, duk babu kwamishina kusan shekara biyu.

Ana cikin haka ita kanta PRP ta dare biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. Gwamnonin biyu, Balarabe da Rimi, suna santsi, Malam Aminu Kano yana ɓangaren taɓo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gwamnan da dama 'yan majalisarsa 16 ne, ga shi gidansa ma ya rabu.

Yadda aka tsige gwamna

Tsarin mulkin 1979, a sashe na 170, ya shimfiɗa matakan tsige gwamna, kuma kusan kowane mataki sai ya bi ta teburin kakaki. Da farko kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa su sa hannu a takardar zargi su miƙa wa kakaki. Kakaki ya aika wa gwamna da kowane ɗan majalisa kwafi. Sannan a jefa ƙuri'a ko a bincika ko kada a bincika, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda. Idan sun yarda, kakaki ne da kansa ke zaɓo mutum bakwai daga waje su yi bincike, majalisa ta amince da su. Idan suka ce zargi ya tabbata, a sake ƙuri'a, kashi biyu cikin uku suka amince, gwamna ya sauka. Sashen ya ƙara da cewa kotu ba ta da hurumin shiga maganar.

Mun yi lissafin a aji, da alli. Kashi biyu cikin uku na 99 shi ne 66. NPN da 64 ta fara. Mutum biyu kacal suka rage mata, kuma kafin a kai ga ranar ƙuri'a ta cike giɓin. Ku riƙe wannan, ku masu cewa kujerar ɗan majalisa ɗaya ba komai ba ce.

Haka aka bi matakan a 1981. An zargi gwamna da saɓa wa tsarin mulki da yin abubuwa ba da yardar majalisa ba. An kafa kwamitin mutum bakwai ƙarƙashin wani malamin coci, Canon H. O. Mohammed. Gwamna ya garzaya kotu, kotu ta ce hannunta a ɗaure yake. Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisa ta tsige shi. Shi ne gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a tarihin Nijeriya, kuma kakakin da ya jagoranci zaman ɗan yankinmu ne.

Har yau in kuka tayar da maganar a gaban dattawa biyu, za ku ji bakin ya rabu. Wani zai ce maku majalisa ta yi aikinta, gwamna ba sarki ba ne, dole ya san akwai masu taka mashi birki, kuma taurin kansa ya ja mashi. Wani zai ce laifinsa ɗaya, ya taɓa abincin manya, ya soke haraji ya tono maganar gonaki, aka yi amfani da yawa aka kore shi tun kafin a karanta zargin. Mu ba mu zo raba wannan gardama a takardar biki ba, a ƙungiyar nan akwai 'ya'yan gidan masara akwai 'ya'yan gidan mabuɗi. Abin da ɓangarorin biyu ba su musu a kai shi ne, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma yawan nan a ranar 21 ga Yuli aka tara shi, ranar da mutane da yawa suka ɗauka ƙaramin zaɓe ne.

Abin da ya biyo baya

NPN ba ta samu kujerar gwamna da tsigewar ba. Mataimaki, Abba Musa Rimi, shi ya hau, shi ma PRP, ya ƙarasa wa'adin. Sai a zaɓen 1983 Lawal Kaita ya ci gwamna. A shekarar ce Malam Aminu Kano ya rasu, cikin watan Afrilu. Shi kuma Mamman Ɗanmusa ya tashi daga majalisar jiha ya tafi majalisar dattawa a Legas, har ya zama mataimakin shugabanta. Daga wakiltar mazaɓa guda a ƙasar Katsina zuwa kujera ta biyu a majalisar dattawan ƙasa, cikin shekara huɗu.

Wata uku aka yi a kai. Ranar 31 ga Disamba 1983 soja suka yi juyin mulki, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaba, aka rufe majalisu duka, ta jiha da ta tarayya. Wanda ya tsige da wanda aka tsige, mai masara da mai mabuɗi, duk aka koma gida, wasu ma aka wuce da su gidan yari. Balarabe Musa ya rayu har 2020 yana siyasarsa ta talakawa, bai sake riƙe gwamna ba.

Ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Babangida ta cire jihar Katsina daga Kaduna. Yau majalisarmu tana cikin birnin Katsina, kujeru 34, Dutsin-Ma da kujerarta, Kurfi da tata. Tafiyar da iyayenmu ke yi har Kaduna, mu yanzu mota ɗaya ce, a je a dawo kafin la'asar. Yankin nan ya fitar da gwamna, Ibrahim Shehu Shema, daga 2007 zuwa 2015. An kafa jami'ar tarayya a Dutsin-Ma a 2011, ga kwalejin ilimi ta Isa Kaita. Amma mu duba madatsar ruwa ta Zobe. An gama gina ta a 1983, zamanin Shagari, aikin ruwan shan da aka ɗora a kanta kuwa sai a 2021 aka ƙaddamar. Shekara 38. Yarinyar da aka haifa shekarar da aka gama dam ɗin ta yi jika kafin a yanka kirtanin famfon. Aiki irin wannan a cikin kasafin kuɗi yake rayuwa, a ciki yake mutuwa, kasafi kuma a gaban 'yan majalisa yake bi, na tarayya da na jiha.

Tsarin mulkin da muke kai yanzu, na 1999, ya gyara abu ɗaya a maganar tsigewa. Mutum bakwai masu bincike ba kakaki ke zaɓo su ba, babban jojin jiha ne, don kada mai ƙara ya zama shi ne mai naɗa alƙali. Sauran ƙarfin majalisa yana nan yadda yake. Ita ke amincewa da kasafi, ita ke tantance kwamishinoni, ita ke yin dokokin da ƙananan hukumomi ke tafiya a kai, su kuma ƙananan hukumomi su ke yankar mamu rasit a kasuwa. Tana da ikon kiran kwamishina ya zo ya yi bayanin inda kuɗi suka shiga. Dole ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Tun 2018 mai shekara 25 na iya tsayawa takarar kujerar. Akwai kuma kiranye: idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓa suka sa hannu cewa wakilinsu bai yi masu ba, hukumar zaɓe ta tantance, sai a yi ƙuri'ar raba gardama a dawo da shi gida. Abin da ya fi ci mamu rai shi ne, a zaɓen 2023, cikin kujeru 34 ɗin nan babu mace ko ɗaya, alhali kowa ya san layin da ya fi tsawo ranar zaɓe.

Mu dawo gida

Yanzu ga magana biyun da muka ce.

Ta farko, dokar cire shugaba. Ba sai mun ɓoye ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bara saɓani ya shiga tsakanin shugabanci da wasu 'yan kwamiti a kan wa za a fara ba rance. Masu sa hannu a takardar fitar da kuɗi suka ƙi sa hannu, ɗaya ɓangaren ya ƙi kiran taro. Kuɗi na kwance a asusu, kaka ta zo, gyaɗa na araha, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ba su samu jarin sari ba sai da tiya ta tashi. Wata daga cikinmu sai da ta sayar da tunkiyarta ta biya kuɗin makarantar ɗiyarta, alhali zubinta na nan cikakke. Ba mu kama sunan kowa ba, an yi sulhu, Allah Ya ƙara haɗa kanmu. Amma abin da ya faru da jihar Kaduna a babba shi ya faru da mu a ƙarami. Masu rigimar ba su rasa abincin dare ba, mai ƙaramin jari ita ta ji a jikinta.

Don haka mu 'yan aji muna roƙon babban taro ya duba abu uku in an zo gyaran doka. A rubuta ƙarara laifin da zai sa a cire shugaba ko ma'aji, kada ya zama duk ranar da masu yawa suka ji haushi. Masu binciken zargi kada su fito daga hannun masu zargin, a nemo su daga waje, irin uwar ƙungiya da malamarmu da jami'in da ke duba littattafan ƙungiyoyin gama kai. Sannan a sa wa'adi: ko ana rigima ko ba a yi, rancen kaka ya fita kafin a fara cire gyaɗa, na damina ya fita kafin ruwan shuka. Ita ma shugaba ta sani, kujera ba ta hana a tambaye ta lissafi, kuma ba a tafiyar da ƙungiya da mutanen da mutum ke so kaɗai.

Ta biyu, maganar 'yan takara. Duk kakar zaɓe sai an aiko mamu da turamen atamfa da katan ɗin taliya, a ce na ƙungiya ne, a kuma nemi shugaba ta yi alƙawarin ƙuri'unmu a dunƙule. Kowa ya ci ladan kuturu, ya san sauran. Shawararmu ita ce ƙungiya kada ta zama ta wata jam'iyya, kowace mace ƙuri'arta tata ce, ita da Ubangijinta. Amma duk mai neman kujerar majalisar jiha, ko daga wace jam'iyya, in yana son ganinmu, ya zo ya zauna a tabarmar nan ya amsa tambaya. Me zai sa a kasafi game da rumfuna da magudanar ruwa da makewayin mata a kasuwa? Me zai ce a zauren majalisa game da tsaron hanyoyin da muke bi zuwa kasuwannin ƙauye, waɗanda wasunsu mun daina zuwa don tsoro? Asibitin da muke haihuwa, ma'aikaciya nawa ke kwana? Rasit nawa doka ta ce a yanka wa mai tiya goma na gero? Magatakarda ta rubuta amsarsa da kwanan wata, a ajiye a akwatin ƙungiya. Bayan shekara a aika mashi da kwafi, a ce muna gaisuwa. Yanzu mun iya rubutu, mun iya karanta abin da aka rubuta, ba kamar lokacin da aka ce wa gwaggo ta nemi masara ba.

Malamarmu ta ce za ta sake rubuta tambayar nan ta uku a allo bayan biki. Wadda ba ta san amsar ba, ta tambaya tun yanzu, har da sunan garinsu da inda ofishinsa na mazaɓa yake. Waɗanda ba su shiga aji ba kuma, ƙofa a buɗe take, ba a biyan ko sisi, littafi da fensir kawai. Akwai mai jika bakwai a cikinmu da bana ta fara rubuta sunanta a takardar zubi maimakon dangwale.

Inda muka yi daidai, daga Allah ne. Inda muka yi kuskure, hannunmu sabo ne a alƙalami, dattawa su gyara mamu. Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka fara shiga layin nan cikin ruwan Yuli da ƙishirwar azumi. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya sa albarka a jarinmu, Ya maimaita mamu na baɗi.

Wassalamu alaikum.

Daga 'yan uwanku na ajin yaƙi da jahilci, Kutawa.